Tsohon Golan da Aka Sallama

Yaya Sabo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali. Ya ƙafar Inna?

Na ji ƙungiyarmu ta sallami tsohon golanmu, ta ɗauko yaro. A ganina shugabanni sun yi daidai, tsufa ya kama shi. Na faɗi haka a wani gidan abinci a nan Guangyuan, inda nake zaune a ƙasar waje, ana kallon Olamfik. Waɗanda ke wurin mutanen Maraɗi ne, ba su san shi ba. Suka ce, “Gaskiyarka, Malam,” suka ci gaba da cin abinci. Da kai ne, da mun kai magariba muna musu.

A gaida 'yan majalisa, a sa ni a addu'a. Don Allah ka rubuto ka ƙaryata ni.

Ƙaninka,
Habibu