Kuɗin Fiton Donata

Daga birnin Rum, zuwa ga surukata Rogata, a ƙasar Afirka.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan ƙafar taku ta yi sauƙi, zaitun kuma ya yi albarka bana.

Inna, shekara takwas ina ɓoye muku wata magana. Ran da zazzaɓi ya kashe 'yarku Donata muna cikin ayarin Ƙaisar, sarkin Rum, na rubuto cewa an yi mata komai. Ƙarya na yi. Ana cikin binne ta aka busa ƙahon tashi, ayarin sarki kuwa ba ya jiran matar maƙeri. Sai da muka yi nisa na ji kuɗin fitonta a ɗamarata. Ban sa mata a baki ba. Kun san mai fiton lahira ba ya ɗaukar wanda bai biya ba.

Bana aka ce a buga kuɗin tuna tafiye-tafiyen Ƙaisar, kowace ƙasa a siffar mace. Afirka ta faɗo hannuna: mace a kishingiɗe da hular kan giwa, kunama a hannu. Na rantse ban yi niyya ba. Ina gama sassaƙa hatimin buga kuɗin, shugabanmu Firmus ya duba ya ce, "Kai Hilarus, ƙasa aka ce ka zana, ba matarka ba! Har da karyayyen hancin?"

Da fari na yi murna. Yanzu kuwa ko burodi na saya, ita ake miƙo mini canji, tana kallona.

Jiya da hantsi aka fito da gawar maƙwabcinmu majemi. Matarsa ta buɗe bakinsa ta sa kuɗi, na hango hular giwar. Ashe kullum matattun Rum da fuskarta suke biya su haye, ita tana tsaye a bakin gaɓa tana kallo.

Ga ɗaya daga kuɗin na ɗinke cikin wasiƙar nan. Kabarin yana hanyar garin Tebesta, gindin zaitun na uku bayan rijiyar sojoji. A sa ƙaninta ya tona. Ku zage ni yadda kuka so, na cancanta, amma a fara kai mata.

Idan mai fito ya ce an makara, ta nuna masa fuskarta. Ya riga ya san ta.

Naku mai jin kunyarku,
Hilarus