Na Rufe Tagogi, Na Bar Kasko

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya haskaka kabarinki. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba. Ko da ta zo ma, sai an fara neman tabarau, ki ce Ummi ce ta ɓoye shi. Wataƙila shi ya sa na samu bakin magana. Duk zaman da muka yi ban taɓa yi miki magana mai tsawon wannan ba, don ke uwar mijina ce, ni kuma sunkuyar da kai aka koya mini.

Gida lafiya. Abban Ummi ya koma aiki, amma har yanzu in ya shigo sai ya fara leƙa ɗakinki. Ni ina nan ƙasar Turawa ina aikin jinya a asibitin garin Largo. Shagon 'yan Ghana da ke ƙasan layinmu ya kawo daddawa mai kyau, yanzu da babu mai yi musu mita. Takwararki Ummi ta fara haɗa magana, rabi Hausa rabi Turanci. Sai dai tari bai bar ta ba tun dawowarmu daga Hawai, kuma likita ya tabbatar asma ce, irin taki.

A zaman makoki kowa dutse ya ɗora wa laifi. Duk wanda ya shigo sai Abban Ummi ya ba shi labari: yadda na samu aikin wucin gadi a wani tsibiri can Hawai, yadda kika ce ba za a kai jikarki gidan raino ba kina da rai, kika bi mu, shi ya zauna saboda aikinsa. Ya faɗi yadda dutse mai aman wuta yake fitar da hayaƙi, iska ta kwaso shi ta shimfiɗa a kan garin da muke, ya cinye miki huhu. Mata suka yi ta sa mini albarka, wai na riƙe ki kamar uwa, wai a ƙasar nan samun suruka mai kunya irina sai an tona. Hajiya, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abban Ummi ba ƙarya ya yi ba. Hayaƙin nan mugu ne. Ba ya tashi baƙi irin na itace, sai dai ka ga sama ta dushe, teku ya ɓace, bakinka yana ɗanɗanon ashanar da aka ƙyasta. Idan ya yi ƙarfi asibiti cika yake. Tsofaffi da yara da masu asma su ne kan gaba, ido ja, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai na sarawa, ƙirji na fito. Ni ce mai zaunar da su ina karanta musu dokoki. Ku rufe tagogi, ku rage fita, ku sha ruwa, ku ajiye maganin shaƙa kusa, kada ku kunna komai mai hayaƙi a cikin gida. Bakina har ya gaji da faɗa.

Da na dawo gida, duka na faɗa miki ban da na ƙarshe.

Kin rufe tagogi kamar yadda na ce, har kina cusa tawul a ƙasan ƙofa. Sai kika ce gidan yana warin ƙwai, kuma ba a san gidan mutunci da wari ba. Kika ciro kaskonki da kwalbar turaren wutan da kika haɗa da hannunki a Zariya, wanda kika yi ta addu'a a filin jirgi kada a ƙwace. Da ƙararrawar hayaƙin da ke jikin silin ta dame ki da ihu, kika taka kujera kika sanya mata hular wanka. Na gani, har dariya na yi, na ce kin fi injiniyoyi dabara.

Kullum na dawo na tarar da ku biyu a cikin hayaƙi, na dutse a waje, naki a ciki, babu kafar da ɗaya zai fita. Ina jin ƙirjinki yana fito tun daga bakin ƙofa. Na san abin da nake ji, aikina ke nan. Amma ta yaya zan dubi uwar mijina in ce turarenta cuta ne? Turaren da kika turara mini kaya da shi ranar da aka kawo ni? Sai na riƙa zagaye. Na ɓoye gawayi, kika gano shi a bayan buhun shinkafa. Na yi niyyar gaya wa ɗanki a waya, na ji tsoron a ce daga tafiya na fara kai ƙarar uwarsa. Da numfashi ya sarƙe ki, ni na riƙe miki abin oksijin, likita yana tambaya ko akwai mai kunna wani abu a gida, na girgiza kai don kada ki ji kunya a gabansa.

Mun dawo gidanmu na Silver Spring, sanyi ya shigo, huhun bai ƙara komawa daidai ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Ban san rabon dutse da rabon kasko a ciwonki ba, likitoci ma ba za su iya rabawa ba. Abin da na sani shi ne dutse ya fi ƙarfina, kasko kuwa a kan teburina yake. Da na faɗa miki, me za ki yi? Ki yi fushi, ki ƙi cin tuwona kwana biyu? Ke da kike tashi in Ummi ta yi atishawa ɗaya, da ke da kanki za ki zuba wa kaskon ruwa. Na raina hankalinki, na kira abin ladabi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jiya. Gwaggo Asabe, ƙanwarki, ta zo daga garin Germantown ta wuni. Bayan la'asar ta shiga ɗakinki ta fito da kaskon, tana hawaye, ta ce gidan ya daina ƙamshinki. Ta hura gawayi ta zuba turare. Ummi na wasa a ƙasa, ba a jima ba na ji fiton nan a ƙirjinta. Na tsaya a ƙofar kicin, kaina ya fara sunkuyawa da kansa kamar yadda ya saba.

Sai na je na durƙusa a gaban Gwaggo, na ɗauke kaskon, na kai shi wurin wanke-wanke na sakar masa famfo. Na buɗe tagogi duk da sanyi. Na gaya mata ba za a sake kunna shi a gidan nan ba, na faɗi dalili, har da hular wanka, har da ƙaryar da na yi wa likita. Abban Ummi yana zaune, a lokacin ya fara ji. Har yanzu ban san yadda ya ɗauki maganar ba.

Gwaggo ta tafi ba ta ci abinci ba. Kafin magariba waya ta kai Zariya cewa matar Sani, wato ni, ta zama Baturiya, ta zubar da kunya. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma Ummi ta sha maganinta ta yi barci, na kara kunnena a bayanta, numfashi lafiya, babu fito.

Kwalbar tana nan, ban zubar ba. In kewarki ta ishe ni ina buɗewa in shinshina in rufe. Ki yafe mini, Hajiya. Maganar da ta kamata ki ji, Gwaggo ce ta ji ta. Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya haɗa mu a can.

Taki,
Bilkisu, uwar takwararki.