Mun Samu Tallafin, Wadda Ta Cika Mana Takarda Ba Ta Samu Ba

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Litinin, don in Litinin ta riske ni ban warware wannan al'amari ba, ban san da wane ido zan dubi wata baiwar Allah ba. Ki yi haƙuri in kin ga rubutuna yana tsalle-tsalle, ni ma haka nake tun ranar Talata. Matsalata murna ce. Na san ba a saba kawo miki irin wannan ƙarar ba.

Ni mai walda ne. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe su ne abincina. Shekara bakwai da suka wuce wani mutum ya turo kekensa na guragu har bakin shagona, ƙarfen da ke riƙe da tayar hagu ya karye, ya ɗaure shi da igiyar roba. Na liƙe masa cikin minti goma, ban karɓi komai ba. Sati na zagayowa sai ga shi da mutum uku. Daga nan abin ya zama na kowace Asabar. Yanzu mu shida ne: ni, da Dogo mai ɗinkin kujerun mota wanda ke yi mana mazauni, da mai faci, da wasu uku masu gyaran keke. Mun yi rajista, har hatimi gare mu, amma ofishinmu bai wuce 'yar rumfar da ke bayan shagona ba, wadda in ruwa ya sauko kowa ke kwasar kayan aikinsa ya ruga. Da tsofaffin bututun gado da tayoyin kekunan yara muke lallaɓawa.

Baiwar Allah da nake faɗa miki, Sista muke kiranta. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Tana da ƙungiyar da ke koya wa iyayen yara kurame maganar hannu, don uwa ta iya tambayar ɗanta ina ke masa ciwo. A falonta take yi, ta ture kujeru jikin bango, iyaye su zauna a ƙasa. Ban da wannan, duk Litinin da safe tana turo saƙo a wani zaure da ta buɗe a waya saboda ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, mun kai arba'in a ciki. Ba abin da babu a saƙon nan: gidauniyar da ta buɗe ƙofar neman tallafi da ranar da za a rufe, inda ake ba da horo kyauta, makarantar da za ta ba da aron aji, ofishin da zai rabar da tsofaffin tebura, har wanda ke kwance ba lafiya a cikinmu. Ita ke bin jaridu da shafuka tana tsinto su ɗaya-ɗaya, kuma ba mai sa mata ko katin waya.

Wata huɗu da suka wuce ta sako labarin wata gidauniya mai tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi. Ni na karanta na wuce, don ni da cika fom ba ma shiri. Sai ga kiranta. Ta ce, "Mai Walda, na ga ka karanta ka yi gum. Gobe ka zo da biro." Yamma uku muka yi a teburin cin abincinta. Abin da na fara rubutawa layi biyu ne, cewa muna gyara kekuna, a taimake mu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce wannan roƙo ne, ba takardar neman tallafi ba. Ta tura ni in je in tambayi waɗanda muka yi wa gyara me ya canja a rayuwarsu. Wata ta ce ta koma teburinta na kasuwa bayan wata takwas a ɗaki. Wani ya ce ya daina jiran a ɗauke shi zuwa banɗaki. Sista ta jera mini su, ta gyara mini rubutu, ta ɗauki hoton rumfar da wayarta. Sai da ta gama da tawa sannan ta zauna ta rubuta tata, ranar da za a rufe. Wannan ne karonta na biyar a wurare daban-daban. Ni kuwa na farko.

Ranar Talata da hantsi ina tsugune ina haɗa wata ƙofa sai wayata ta yi ƙara, takarda ce gidauniyar ta turo. Gwaggo, mun samu. Na karanta sau uku ban yarda ba. Dariya ta taso mini daga ciki, na rasa yadda zan yi da ita, sai na sauke gilashin walda na rufe fuskata don kada maƙwabtan shago su ce na taɓu. Haka na zauna kafaɗuna suna rawa, injin a kashe. Daga baya na rufe shago da rana tsaka na nufi makarantar da matata ke koyarwa, na sa aka fito da ita daga aji, ta karanta mini a bayyane a bakin taga. Ta ce gaskiya ne, babu wani kwana-kwana a ciki. Za a ba mu ɗakin aiki mai rufi da ƙofa, sabon injin walda, da sababbin tayoyi a ledarsu har na shekara biyu.

Tun daga ranar ban koma daidai ba. Maƙwabcina da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda rigimar kwata, na tsaya na gaishe shi har na tambayi lafiyar awakinsa, shi ya tsorata. Ƙofar da nake haɗawa na sa mata hinji a baibai, tana buɗewa ta inda bango yake. Matata ta ce in ban rufe bakin nan ba ƙuda zai shiga. Na ari tef na auna bayan shago sau huɗu, har na zaɓi kalar fenti.

To ga inda gizo ke saƙar. A shafi na biyu na takardar an jera sunayen ƙungiyoyin da suka samu. Na bi daga sama zuwa ƙasa, na dawo daga ƙasa zuwa sama, babu ta Sista. Abin da ke ba ni kunya kuma, jikina ya yi sanyi na kamar minti biyar, sannan dariyar ta dawo abinta. Wane irin mutum ne ni?

Gidauniyar ta ce ranar Lahadi za ta fitar da sunayen ga kowa. Ke nan ranar Litinin Sista da hannunta za ta turo su cikin saƙonta, kuma halinta ne ta bi kowa da sunansa ta yi masa barka. Sau biyu ta kira ni ban ɗauka ba. Ta turo saƙo: "Ka ji wani labari kuwa? Ni dai shiru." Ban amsa ba. Jiya na hango ta tana fitowa daga kantin magani, ni da shekara arba'in da shida na laɓe bayan wata motar kaya, haƙorana a waje.

Dabaru uku ke yawo a kaina. Ta farko, in kuɗin suka shigo in yanki wani kaso in kai mata a ɓoye, a rahoto in ce tayoyi muka saya. Matata ta ce in na yi haka gidan yari zan ƙare, kuma kada in sa ran ganinta da kwano. Dogo, shi kaɗai na faɗa wa a cikin abokan aikina, ya ce in ja bakina har Litinin, in an sako sunayen in nuna kamar yanzu na ji. Ta uku ita ce in rubuta wa gidauniyar su ba ta a madadinmu. Amma ba zan ɓoye miki ba, wannan ta ukun ko a zuci ba na son ta. Ina son ɗakin nan, Gwaggo. Ina kuma son in iya zama a teburin Sista kamar da. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Walda da bakinsa ya ƙi rufuwa

AMSA

Ƙanena Mai Walda,

Barka, barka. Na yi shekaru ina buɗe wasiƙun mutane, ba kasafai nake samun wadda ta sa ni dariya tun daga layin farko ba. Kuma bari in sauke maka nauyi ɗaya tun yanzu: murnarka ba laifi ba ce. Shekara bakwai ka ba da Asabar ɗinka. Da mugun mutum ne kai, da ba ka ma duba shafi na biyu ba.

Dabarunka uku kuwa, duk ka ajiye su. Matarka ta fi ka gaskiya, ka riƙe ta da kyau. Kuɗin tallafi amana ne, an ba da su don abin da ka rubuta za ka yi. Ranar da aka gano ka karkatar da su, ba sunanka kaɗai zai ɓaci ba, har da na Sista da ba ta roƙe ka ba, kuma duk ƙungiyar da ta fito daga zaurenku za a riƙa yi mata kallon zargi. Shawarar Dogo ta fi sauƙi, amma ba za ta kai ka ko'ina ba. Takardar tana da kwanan wata, kai kuma mutumin da ya kasa ɓoye haƙoransa a bayan mota ba zai iya wasan mamaki a gaban tsohuwar ma'aikaciyar jinya ba. Ta ukun kuma, ka yi daidai da ba ka son ta. Gidauniya ba ta sauya suna don wani ya ji kunya. Sai dai a rasa gaba ɗaya, masu kekuna su ci gaba da jira a ƙarƙashin ruwa, yamma ukun da Sista ta kashe a kanka su tashi a banza.

Yanzu ka dubi abin ta wajenta. Rashin samu ta san shi, sau huɗu ta sha kafin wannan, ba ta daina ba. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne mutumin da ta zaunar a teburinta ya ƙi ɗaukar wayarta. Kowace rana da ka ƙara a ɓoye, wannan ciwon ne ke girma, kuma shi ne wanda kai ka jawo.

Saboda haka gobe da safe ka buga takardar a kan farar takarda, ka je gidanta da ƙafarka. Kada ka yi ta waya. Ka fara da ba ta haƙurin kiran da ba ka ɗauka ba. Ka gaya mata kun samu, kuma aikinta ne. Sannan ka faɗa mata kai tsaye cewa a jerin da ka gani babu sunan ƙungiyarta, tunda ta tambaye ka, kuma ya fi ta ji a falonta da ta gani tare da kowa ranar Lahadi. Daga nan ka yi shiru. Kada ka cika ta da lallashi, kada ka ambaci kuɗi. Mai yiwuwa ta yi murna har ta fi ka. Mai yiwuwa ta ce barka a taƙaice ta tashi ta shige ciki. Mai yiwuwa ta yi duka biyun. Haƙƙinta ne, kada ka nemi ta ɓoye ɓacin ranta don kai ka ji daɗi.

In ƙura ta lafa, akwai abin da za ka iya yi mata da hannu mai tsabta. Jami'an gidauniyar za su zo ganin wurinku. Ka kira sunanta a gabansu, ka faɗi wanda ya nuna maka hanya, ka tambaye su ko suna bayyana wa waɗanda ba su samu ba inda takardarsu ta gaza. Sannan ga abin da na lura da shi a wasiƙarka, wanda ku arba'in ɗin nan kuka saba da shi har kun daina gani: saƙon Litinin aiki ne mai zaman kansa, kuma akwai masu tallafa wa irinsa. Ina zaton ba ta taɓa neman komai a kansa ba. Ka kawo mata maganar. In ta amince, ka bi ƙungiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya samu ta dalilin saƙonta, ya buga hatiminsa. Kafin nan ma, ku raba aikin tsinto labarai a tsakaninku, mace ɗaya ba za ta yi ta ɗaukar mutum arba'in ba.

Sauran abokan aikinka huɗu kuma su ji daga bakinka kafin Lahadi, don su ma da guminsu a ciki. Ku zauna ku karanta sharuɗɗan tallafin layi-layi kafin kowa ya sa hannu, abin da ba ku gane ba ku tambaya.

Ka je gobe, ƙanena, kada ka bari ta kai jibi. Allah ya sa albarka a sabon wurinku, ya ba hannuwanku lafiya, ya kawo wa Sista nata rabon tana da ƙarfin cin moriyarsa.

Taka,
Gwaggo