Kwalabe Biyu a Kan Kabad

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
An dawo mini da tukunyar miyan da na yi wa masu suna a Tsafe, wai gishiri ya yi yawa. Na sa a baki, ban ji komai ba. Tun da aka binne mijina Markus a watan Yuli harshena ya mutu. Tuwo, shayi, kosai, duk kamar ina tauna auduga.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Joy ta kira daga Bungudu. "Mama, ke za ki dafa abincin bikina, ba na son hannun kowa." Saura sati biyar. Na ce to. Ban faɗa wa 'yata cewa uwarta ba ta bambance gishiri da sukari ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na je coci. Na dawo.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Yanzu maƙwabciyata Halimatu Sadiya, 'yar Rawayya, ita ke ɗanɗana mini miya ta kan katanga. Yau ta lasa ta yamutsa fuska. "Maman Joy, mi as same ki? Wagga miya ko akuya ba ta sha." Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta bari.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na goge kwalaben nan biyu na kan kabad, don Markus kullum sai ya goge su. Ruwan inabin Italiya ne, ja da fari. Turawan da ya yi wa kuku lokacin aikin hanya suka ba shi da za su tafi, shekara goma sha ɗaya ke nan. A garin nan ba abin da ake nunawa ba ne, sai ya jera su bayan hoton aurenmu, kusa da taga. Ya ce sai bikin Joy, wai abin yana ƙara daɗi da tsufa.
Ko kurɓa bai taɓa yi a gabana ba, amma lacca kam na sha ta. Ja da jan nama, fari da kifi. Jan ya fi son balangu mai kitse, farin kuma gasasshen karfasa. Kada a haɗa da kilishi, yaji zai kashe shi. A juya kofi, a shinshina, a kurɓa kaɗan, sannan a kai loma. Mutumin da ke shan fura da ludayi.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Ƙaninsa Caleb ya zo da balangu da kifi, ya ce a gwada kafin biki kada a ji kunya gaban surukai. Muka rufe ƙofa. Toshiyar bakin kwalbar farin ta farfashe a hannunsa, ruwan ya koma kalar shayi. Ya shinshina ya ajiye. Ya zuba jan, ya juya kofi yadda yayansa ke yi, ya kurɓa, ya ruga waje ya tofar. Da ya dawo ya ce:
"Maman Joy, zafin Gusau ya dafa shi. Ashe a kwance ake ajiyewa, cikin sanyi da duhu."
Na karɓi kofin don kada ya tafi a banza, tunda ni ba na jin ɗanɗanon komai. Na ci balangu, na kurɓa.
Tsami. Har cikin kunnena, har haƙorana suka mutu. Na tofar a kan tabarma, na ji bakina yana cewa, "Markus, shekara goma sha ɗaya kana goge ruwan tsami da tsumma!" Caleb ya tsaya yana kallona. Na sake kurɓa don in tabbatar. Sai hawaye, waɗanda ko a maƙabarta ba su zo ba.

Talata, 26 ga Nuwamba
Na yi miyan kuka. Halimatu ta miƙo cokalinta ta katanga, na ce ta bari yau. Gishiri ya ɗan kasa, na ƙara. Wataƙila sa'a ce kawai, ba zan faɗa wa Joy komai ba tukuna.
Na ci, na ƙara. Ta yi daɗi, kuma na ji haushi da ta yi daɗi babu Markus.