Sunan da Ba a Faɗa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka buɗe sansanin atisaye a nan Shreveport. Shekarata talatin da biyu, kuma in ka cire mai shara, ni ne dattijon ɗakin canza kaya. Sun manna mini farin tef a goshin hular kwano kamar yadda ake yi wa kowa, don koci ya riƙe sunaye. An rubuta ARSENO. Arceneaux, sunan kakana, an yi masa askin ƙwal-kwabo. Ban gyara ba.

Wannan ce gasar bazara ta uku da na shiga a wasan ƙwallon Amurka. Biyun farko a gabana suka mutu, ɗaya ma muna cikin mota za mu filin wasa aka ce wa direba ya juya. Bana kuma biyu ne a lokaci guda: tamu, Gasar Kogi, da ta mutanen gabas, Walƙiya. Kowacce na rantsuwa ita za ta binne 'yar'uwarta. Kowa ya san ƙasar nan ba ta ɗaukar gasar bazara biyu. Ɗaya ma da ƙyar.

Ni dai ba ni da zaɓi. Walƙiya sun soke bugun ƙafa gaba ɗaya, wai yana sa masu kallo hamma. Ni kuwa duk sana'ata a duniya ita ce in duƙa, kai a ƙasa ɗuwawu a sama, in cilla ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna zuwa hannun mai bugu da ke can bayana. In babu bugu, babu ni.

Pruitt, wakilina, ya ce akwai wata ƙungiya a babbar gasa da mai cillarsu ya tsufa. Suna son ganina, amma a sabon faifan bidiyo, na wasan gaske, ƙato yana danno ni. Ba su son na gareji inda nake jifan tsohuwar taya. Faifai kawai nake nema, ya Allah. Faifai da kira ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Matata Renita ta ce, "Lu, wannan ce ta ƙarshe." Bara ma ta faɗa, amma bara tana kallon idona ta faɗa. Yau tana kankare tukunya, ko juyowa ba ta yi ba.

Mahaifinta, Baba Clovis, ya ce kujerar da ke gefensa a motar gyaran na'urar sanyaya ɗaki tawa ce har zafi ya kama. Bayan nan zai ɗauki wani. Na yi masa godiya kamar wanda aka yi wa albishir da makara.

Alhamis, 13 ga Maris

Koci Brannigan har yau "kai, mai cilla" yake ce mini. An ɓare wa kowa tef ɗinsa, ni an bar mini nawa.

Tuck, mai bugunmu, shi kaɗai ke magana da ni, don mu biyu ake korawa can ƙarshen fili kamar masu cuta. Yaro ne ɗan Arkansas, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce in kwantar da hankalina, Walƙiya ce za ta fara mutuwa, don suna da gidan talabijin amma ba su da filin kansu. Na ce mu kuma muna da fili, amma ana nuna mu tsakanin shirin kamun kifi da tallar katifa. Ya ce, "Tsoho, ai masu kamun kifi mutane ne masu haƙuri. Su ne daidai da mu."

Asabar, 29 ga Maris

Wasan farko. Mutanen da suka zo kallo ba su kai na jana'izar kawu Alcide ba, kuma wancan an fi hayaniya.

Cilla biyu na samu. Duka sun tafi daidai, ɗinkin ƙwallon yana sama, Tuck ko motsa hannu bai yi ba. Amma wa zai ɗauki mutum aiki da cilla biyu?

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai nan: ina tsaye a gefen fili, da rigar ƙungiyata a jikina, ina roƙon Allah 'yan wasanmu su kasa. Sai sun kasa ake kiran masu bugu. Duk lokacin da yaronmu ya saki ƙwallo daga hannunsa, sauran su dafe kai, ni kuwa zuciyata ta yi tsalle. Na dafe kaina ni ma don kada a gane.

Lahadi, 30 ga Maris

Na je coci. Na kasa ɗaga ido.

Laraba, 2 ga Afrilu

Malamar su Josette ta tambayi yara aikin iyayensu. 'Yata ta ce babanta yana kallon duniya a juye. Malama ta aiko a tambaya ko lafiya.

Muna cin shinkafa da jan wake da suka kwana biyu, sai Josette ta ce ta kalli wasan daga farko har ƙarshe, mai sharhi ya kira sunan kowa, har na mai riƙe da sanda a gefe, bai kira nawa ba. Na yi mata bayani cewa mu masu cilla ba a kiran sunanmu sai mun yi kuskure. In ka ji an ce wane, to ya wurga ƙwallo sama da kan mai bugu ne. Shekara takwas ba a taɓa faɗar sunana a talabijin ba, kuma wannan shi ne abin alfaharina.

Ta juya cokali. Ta ce, "To Baba, ka yi kuskure mana sau ɗaya."

Renita ta tashi ta shiga kicin, ta kunna famfo ba tare da akwai abin wankewa ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

An lallasa mu ranar Asabar. Cilla bakwai na samu. Na yi murna, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ɗakin canza kaya ya zama kasuwar jita-jita. Kowa kansa a waya. Wannan ya ce za a haɗe gasar biyu, wancan ya ce mai kuɗin Kogi ya gaji zai koma sayar da tayoyinsa, wani ya ce 'yan Walƙiya ma ba su san inda za su yi wasan ƙarshe ba. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne: an fi kallon su. Wasansu gudu ne ba tsayawa, namu kuwa ana tsayawa a jira ni in duƙa.

Na dawo na shiga gareji na yi ta jifan taya har bayana ya ƙi miƙewa. Ko sau ɗaya ƙwallon bai taɓa gefe ba. Wa ya gani? Injin yankan ciyawa.

Talata, 15 ga Afrilu

An tara mu da safe. Shugaban gasa ya fito a babban allo yana murmushi, haƙora farare tas. Ya yi ta magana a kan sauraron masoya da tafiya da zamani. Na gane inda ya dosa tun kafin ya iso wurin. Daga mako mai zuwa Kogi ma ta soke bugun ƙafa. Wasan Asabar a garin Mobile shi ne na ƙarshe da tsohuwar doka.

Yara suka yi tafi. Ba mugunta ba ce, ba su ma tuna muna ɗakin ba. Tuck ya leƙo kunnena ya ce, "Tsoho, an yi mana jana'iza muna zaune, kuma ba a ba mu ko kofi ba." Dariyarsa ba ta fito ba.

Na kira Pruitt a wurin ajiye motoci. Ya ce in nutsu, ya shawo kan mutanen nan, za su turo mai duba 'yan wasa Mobile ranar Asabar. Farar hula yake sawa kullum, yana zama kusa da tsakiya. "Ka ba shi cilla huɗu ko biyar masu kyau, sauran ka bar mini."

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ya Allah, gobe kawai. Su kasa gobe kawai, daga nan su ci duk wasan da suke so.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Bikin Ista. Kowa ya tafi gidan Baba Clovis cin jatan lande. Na ce kaina na ciwo.

Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba ta taɓa wasa irin na jiya ba. Yaran da ba sa iya riƙe kofin ruwa, jiya kome aka jefa sai ya manne musu. Duk fita sai sun ci. In sun ci kuma, maimakon a kira mu bugun ƙari, Koci ya ce a gwada sabuwar doka tun yanzu, a shiga da gudu. Ina tsaye da hula a hannu, ina ɗumama yatsu, ina sake ɗumamawa. Na fi kallon farar hular nan a kan kallon fili. Na ga ya sayi gyaɗa. Na ga ya duba agogo. Kafin a shiga kashi na ƙarshe na waiwaya, kujerar ba kowa sai ɓawon gyaɗa.

Saura minti biyu a tashi, mun yi nisa da ci, aka kasa a karon farko. Koci ya ɗaga hannu ya ce masu bugu su shiga. Muna gudu zuwa tsakiya Tuck ya riƙo rigata.

"Tsoho, mai farar hula ya tafi, ka gani na gani. Josette na gaban talabijin. Wurga ƙwallon sama da kaina. Mun riga mun ci, ba wanda zai cutu. Ni zan bi shi a guje, in faɗi ma don a yi dariya. Wallahi sai sun kwana suna maimaita sunanka."

Na duƙa, na kama ƙwallon, na hango Tuck ta tsakanin ƙafafuna a juye, yana ɗaga mini gira. Kuma na yi niyya. A nan ba zan yi ƙarya ba, na yi niyya har cikin raina. Ɗan ɗaga wuyan hannu ne kawai, ba wani aiki ba.

Hannuwan suka ƙi. Ƙwallon ya tafi kamar an ja shi da zare, ya sauka a ƙugunsa na dama, ɗinki a sama. Tuck ba yadda zai yi sai ya buga, ya kuma yi bugun da bai taɓa yi ba. Renita ta ce mai sharhi ya yi ta yabon Wendell Tuckett har aka tafi talla.

Da na iso gida yau da safe Josette ta rungume ƙafata ta ce, "Na gane ka, Baba. Ta baya." Na shiga banɗaki na kulle ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Talata, 22 ga Afrilu

Aka ce, "Koci na son ganinka." Mu biyu, ni da Tuck. Ya yi maganar kirki, ya ce ba laifinmu ba ne, zamani ne. Da ya zo kaina na ga idonsa ya sauka kan hular da ke cinyata. "Arseno, kai ƙwararre ne."

Na ɓare tef ɗin kafin in miƙa hular. Ban san dalili ba. Na manna shi a jikin tayar gareji.

Litinin, 28 ga Afrilu

Pruitt ba ya ɗaukar wayata. Na aika masa faifan duka, har da na Mobile. Cilla goma sha uku, ba kuskure ko ɗaya. Na kira da wayar Renita, ya ɗauka. Ya ce mutanen sun ɗauki wani yaro ɗan shekara ashirin da biyu, in ci gaba da shiri, ba a san gobe ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Kogi ta mutu. A waya yaran suka gani, suna filin jirgi. Soke bugun bai ƙara musu mai kallo ko ɗaya ba. Na ɗauka zan ji daɗi, ban ji kome ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau kuma Walƙiya ta dakatar da wasa, wai sai baɗi. Mun san wannan baɗin. Ta yi kwana goma sha ɗaya tana rawa a kan kabarinmu.

Ban shiga gareji ba tun Juma'a. Zafi ne ya yi yawa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Tuck ya turo saƙo: wani attajiri a Texas zai kafa sabuwar gasa baɗi, da bugu da kome, in shirya. Zan amsa masa. Wayar ce ke caji.

Josette ta daɗe tana damuna da lilo. Na kwance tayar daga gareji na rataye ta a reshen bishiyar bayan gida, na ɗan lokaci, kafin a fara atisaye. Tef ɗin na nan a jikinta. Ta hau, ta saƙale ƙafafu, ta saki kanta ƙasa, kitsonta na sharar ciyawa. Ta ce, "Ashe haka kake gani." Sai ta kumbura murya irin ta mai sharhi, ta faɗa da ƙarfi har karen maƙwabta ya amsa: "Ga shi nan, jama'a, Lucien Arceneaux!" Daidai ta faɗe shi, yadda kakana yake faɗa. Na ce ta sake. Ta sake.

Renita na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi igiyar ta ce wannan ai ƙullin Baba Clovis ne, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa. Na ce shi ne ya zo hannuna.

Gobe da sassafe Baba Clovis zai biyo da motar gyaransa ya ɗauke ni. Na ce masa na mako guda ne kawai. Ya ce in taho da hular rana.