Ba Don Daɗi Nake Tafiya Ba

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ɗana Aminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar? Mu nan sai godiya.

Na samu saƙonka cewa in daina tattakin safe, wai ana cewa kun bar uwarku tana tafiya a ƙasa, kuma abin da ba na jin daɗinsa ba zai ɗore ba. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa jin daɗin duba littattafan yara ba, kuma ban taɓa fashi ba.

Jiya wani tsohon ɗalibina ya tsayar da mota bakin kasuwa, har da durƙusawa: "Malama, ki shigo, kada ki kunyata mu." Na ce, "Ranar da gwiwata ta ƙi, kai za ka riƙa kai ni banɗaki?" Ya koma motarsa ya wuce.

Likita ya ce ko tafiya ko keken guragu, ni kuwa ba za a tura ni ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da jikokina. Masu surutu kuma, ka bar ni da su.

Mahaifiyarka,
Hajiya Binta