Audugar Baba Ba Ta Kama Ba

Asabar da dare, Disamba 1979

Yau na yi wa Baba gyaran fuska da hannuna, har yanzu daɗi bai sake ni ba. Malam Sule wanzaminsa yana jinya a Malumfashi, gobe kuma Baba ne zai tsaya gaban jama'a a coci don godiyar girbi. Na ɗauko rezar da na sayo a Funtuwa, mai mariƙin ƙarfe da ake murɗawa. Ya harare ta ya ce, "Wannan abin wasan 'yan boko ne zai ci gemuna?"

Na gasa masa fuska da ruwan ɗumi, na shafa kumfar sabulu, na bi kwanciyar gashin a hankali. Wajen maƙogwaro na ƙara lallaɓawa.

Da na gama bai nemi madubi ba. Ya tsinko auduga daga buhu ya goga a haɓa, yadda yake gwada aikin wanzami. Ko zare ɗaya bai maƙale ba.

Ya daɗe yana juya audugar, sannan ya ce, "Ka ɓoye abin nan kafin Malam Sule ya dawo. Kada ya ji kunya."